Takardun Baba Dakta

Tun ina yaro ba na iya wuce takarda a ƙasa. Ko guntun jarida ne da iska ta kwaso, sai na sunkuya na juya shi in ga ko akwai sunan Allah a jiki. Haka aka koya mana a gida, amma 'yan'uwana sun ɗauki abin daidai wa daida, ni kuwa ya zame mini ciwo. A ƙauyenmu na ƙasar Katsina abin da sauƙi, takarda ba ta da yawa. Da na zo Madina aikin tuƙi sai na tarar ko'ina rubutun Larabci ne, rasit na kanti, kwalin shayi, takardar kuɗin wuta. Ni kuma karatuna bai wuce aji shida na firamare da ɗan abin da na samu a allo ba, ban iya rarrabe wadda ke ɗauke da ambaton Allah da wadda farashin albasa ne kawai. Aljihuna kullum cike yake. A bakin wasu masallatan nan akwai akwatin ƙarfe da aka ajiye domin irin waɗannan takardu da littattafan da suka yage, mota na zuwa ta kwashe, a je a narkar da su yadda ba za a wulaƙanta su ba. Akwatin masallacin layinmu a unguwar Jurf, ba na jin akwai wanda ya kai ni zuba masa kaya.

Mutumin da na yi wa aiki shekara huɗu kowa Dakta yake ce masa, ni ina ce masa Baba Dakta. Ba likita ba ne. Tsohon malamin jami'a ne, ɗan ƙasa, amma jininmu ne. Kakansa ya baro ƙasar Kano a ƙafa da niyyar hajji, ya yi shekaru yana noman auduga a Sudan kafin ya ƙetare teku, bai koma ba. Ubansa tsire ya sayar, wanda mutanen nan ke kira siriya. Duk wannan a mota na ji shi, don Baba Dakta ba ya iya zama a kujerar baya ya yi shiru. Ya ce yana ƙarami shi ke fifita garwashi, daga nan makaranta ta ja shi zuwa Masar, can ya faɗa hannun wani tsohon malami da ya koya masa harshen Yunanawa na dā, wanda su kansu Yunanawan yau sai sun shiga aji suke fahimta. Ya ƙara da na Rumawa. Ya je ƙasarsu ya zauna, ya dawo ya koyar har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu kafin zuwana. 'Yarsa ɗaya ce a gidan, malamar makaranta, tana jin Hausa sarai amma rabin amsarta da Larabci take fitowa. Ina ce mata Malama, tana ce mini Kawu.

Baba Dakta kuwa Liman yake ce mini, saboda ya taɓa ganin na sake alwala sau uku a tsakar gida.

"Liman, ka san abin da na yi da rayuwata?"

"Ka koyar, Baba."

"Na zauna ina karatun abin da matattu suka rubuta. Matattun ma ba namu ba."

Littafi uku ya wallafa da Larabci, suna nan a kanta. Ɗaya a kan abin da Yunanawa da Rumawa suka sani game da ƙasar Larabawa da ƙasashen baƙar fata, ɗaya a kan rubutun da aka sassaƙa a duwatsu can arewa, ɗaya a kan yadda littattafansu na magani suka shigo Larabci. Ya ce waɗanda suka karanta su daga farko har ƙarshe ba za su cika motata ba, ko da an bar mini kujerata. Na huɗu shi ne nake magana a kai. Da Hausa yake rubuta shi, ya fara tun kafin in zo, shekara tara ke nan a lokacin da abin da zan faɗa ya faru. Ya ce ubansa ya mutu bai san abin da ɗansa ke yi ba, in an tambaye shi sai ya ce yaron yana karatun kafiran farko. Yana so ya bar abu ɗaya da mai tsire zai iya saurare ya gane.

Da hannu yake rubutu, da baƙaƙen Larabci, don ya ce hannunsa bai san Hausa da boko ba. Kuma ba ya aiki a tebur. Ɗakin baƙi ya mayar wurin aiki, ya shimfiɗa takardun a kan kafet layi-layi, kowane layi babi guda, ya danne su da ƙananan baƙaƙen duwatsun nan na bayan gari don kada iskar na'urar sanyi ta ɗauke. Ya ce sai ya ga littafin gaba ɗaya a gabansa yake sanin inda ya karkace. Yana yawo a tsakaninsu ba takalmi, da sandarsa, ya ɗauke wannan ya mayar can. A tsakanin layukan akwai hotuna, na gumakan dutse, wasu ba hannu, wasu ba kai, yawancinsu ba sutura. A saman kowace takarda kuma, kowace ɗaya, ya rubuta Bismillah cikakkiya, al'adarsa ce tun yana ɗalibi.

Ranar da na fara kai masa shayi ɗakin nan, ƙafata ta ƙi shiga. Na daure wata biyu kafin na yi magana.

"Baba, sunan Allah ne a ƙasa."

"Kafet ne, Liman. Nan kake ɗora goshinka in ka yi nafila. Goshinka bai ƙasƙanta ba, sai takarda?"

"Amma kana tsallake su."

"Zagayawa nake yi."

"Jiya na ga ka tsallaka biyu."

Ya yi dariya har sai da ya dafa bango. "Kowa mala'iku biyu ne ke rubuta masa, ni an ƙaro mini na uku daga Katsina."

Amma abin bai bar ni ba. In na kawo shayi sai in bi gefen bango kamar mai tsoron kunama. Wani lokaci ina sallah sai in ga hoton wani gunki mai gemu kwance kusa da Bismillah, in rasa raka'a nawa na yi.

Bayan la'asar yakan sa in zauna a bakin ƙofa ya karanta mini abin da ya rubuta. Hausarsa ta kakarsa ce, akwai kalmomin da ban ji ba tun rasuwar tawa kakar, akwai kuma waɗanda ya rasa, sai ya tsaya ya tambaye ni. Me ake ce wa igiyar da ake ɗaure ƙafar raƙumi? Me ake ce wa ruwan da ya kwanta a kan dutse bayan an ɗauke? In na ba shi sai ya rubuta yana murna kamar an ba yaro alawa. Yakan ce ni ne jami'arsa ta ƙarshe. Ina zaune ina gyaɗa kai.

A shekara ta huɗu ya zame a banɗaki da safe, ƙashin ƙugunsa ya karye. Likitoci suka ce sai an yi aiki, kuma a shekarunsa, ga ciwon suga, ba su da tabbas. Ran da za a shiga da shi Malama ta tsayar da ni a bakin asibiti.

"Kawu, in ya fito ba zai iya hawa bene ba. Za a kawo sarir, yani gadon asibiti, a sa a ɗakin baƙi. Ka tattara auraƙ ɗin Baba, takardun nan nasa, ka ajiye wuri ɗaya, masu kawowa da takalmi za su shiga."

Abin da ta ce ke nan. Ajiye ta ce, ban ji wani abu daban ba, kuma ba zan ce na ji ba.

Na yi alwala na shiga. Na kwashe duwatsun, na bi layi-layi ina tattarawa, sun cika buhun shinkafa uku da na wanke na shanya. Hotunan na ware su daban na zuba a kwali. Sai na tsaya da buhuna a gabana ina neman inda ya dace. Kabad ɗin ɗakin cike yake da littattafai masu irin hotunan nan. Sito akwai takalma da tsintsiya. Ɗakina kuwa ƙarami ne, duk inda na ajiye sai na miƙe ƙafa wajen. Ina cikin wannan sai wani tunani ya zo mini. Na ce bawan Allah nan yana can a kan gadon aiki, watakila ba zai tashi ba, zai je ya tarar da shekara tara na sunan Allah a ƙasa gauraye da sunayen gumaka. In na kai su akwatin masallaci na sauke masa nauyi. Na kuma tuna na taɓa ganin Malama tana ɗaukar hoton takardun da waya, na ce ai komai yana cikin wayar. Lambarta tana hannuna. Ban kira ba, don na san in na tambaya za a ba ni amsa.

Bakin akwatin siriri ne, buhu ba ya shiga, sai da hannu kaɗan-kaɗan. Na fi rabin awa a wurin. Ladanin masallacin, wani dattijo mutumin Chadi, ya fito ya taya ni, yana zubawa yana sa mini albarka. A rabin awar nan ina ganin rubutun Baba yana wucewa ta hannuna, har na ga wata kalma da ni na ba shi, ya ja mata layi. Ban tsaya ba. Da na koma gida na ga kafet fili fes, abin da na ji shi ne sauƙi, irin wanda ban ji ba tun da na shiga gidan. Wannan ne abin da ya fi yi mini wuyar faɗa. Na daɗe ina gaya wa kaina don shi na yi, amma sauƙin nawa ne. Kwalin gumakan kuwa na ɗora shi a kan kabad lafiya lau, ko kusurwa ɗaya bai lanƙwashe ba, tunda su ba su cancanci akwatin ba.

Aiki ya yi kyau. Kwana shida bayan nan na shiga gaishe shi na tarar an jingina shi da matashi, yana faɗa da ma'aikaciyar jinya a kan shayi ba suga.

"Liman, ka ga sun kasa kashe ni. Layi na huɗu daga taga, kawo mini shi gobe da alƙalami. Ina kwance na gano inda na yi shirme."

Na ce to, Baba.

A waje na tambayi Malama, kamar ba komai, ko hotunan da ta ɗauka suna nan. Ta ce wane hotuna, shafi huɗu ne ta tura wa wani abokin Baba, ta ma goge. Na tafi masallaci kai tsaye. Na leƙa bakin akwatin da fitilar waya, ba komai sai wata tsohuwar kalanda. Ladan ya ce motar ta zo shekaranjiya, ya kwatanta mini wurin da suke kaiwa, wani babban sito can hanyar filin jirgi. Mai kula da wurin mutumin kirki ne, ya saurari Larabcina na direba har ya gane, ya buɗe mini ƙofa. Ban taɓa ganin takarda da yawa haka ba, tsibi-tsibi har kusa da rufi, kuma duka rubutun iri ɗaya ne a idona. Ya ce waɗanda aka kawo shekaranjiya galibi sun riga sun shiga inji, ya nuna mini inda ake yanka su siri-siri a jiƙa. Duk da haka ya bar ni na tona. Na yi yini biyu ina tonawa, ina neman shafi mai baƙaƙen Yunanawa a tsakiyar layi, don da shi kaɗai zan gane. Ban samu ko ɗaya ba. Da zan tafi ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, duk wanda ya kawo takarda nan aikin lada ya yi.

A kwana ukun nan na yi wa Baba ƙarya uku. Na ce na manta. Na ce masu kawo gadon sun kulle ɗakin sun tafi da makulli. Na ce likita ya hana shi karatu. Ni da nake sake alwala in na yi shakkar ko ruwa ya taɓa gwiwar hannuna. A rana ta huɗu, bayan azahar, Malama tana zaune tana ɓare masa lemo, ya dube ni ya ce, "Liman, yau kuma wa ya hana?" Sai na durƙusa a gefen gadon na faɗa. Ban tsara ba, na fara daga buhu na koma kan ladan na dawo kan kafet, har sai da Malama ta ce in tsaya in faɗi abu ɗaya, ina takardun suke. Na ce an narkar.

Ta miƙe, lemon ya faɗi. Ta yi magana da Larabci da sauri, abin da na tsinta kaɗan ne, amma na ji ta ambaci iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, da takardar fita wadda ba dawowa. Ban ga laifinta ba. Shi kuwa yana kallon hannunsa a kan bargo. Can ya ce, "Duka?"

"Duka, Baba. Sai hotunan."

"Hotunan ka bari."

"E."

Ya yi wani sauti, ban sani ba ko dariya ce. Ya juya fuska wajen bango iyakar yadda ƙugun ya bar shi. Na tsaya a durƙushe har ƙafata ta mutu. Da Malama ta sake ɗaga maganar fita, bai juyo ba ya ce, "Bar shi. Duk duniya shi kaɗai ya ji littafin."

Bayan mako uku aka sallame shi. Aka kwantar da shi a ɗakin baƙi, ya sa na sayo littafin rubutu mai kauri irin na 'yan makaranta. Hannunsa ya fara rawa tun bayan aikin, don haka ni zan rubuta, da boko, shi ya faɗa. Shirinsa shi ne in tuna masa yadda kowane babi ya tafi, da kalmomin da muka zaɓa, shi kuma ya cike sauran daga kansa. Kan nasa ya ragu, shi ma ya sani. Abin da ya karanta yana saurayi yana nan daram, amma abin da ya rubuta a shekarun baya-bayan nan sai an ɗauko masa bakin zaren.

Farkon ya tafi da kyau. Na tuna babin ayarin turare, yadda raƙuma ke tasowa daga kudu zango-zango, da kuɗin da ake karɓa a kowace rijiya. Na tuna labarin rundunar Rumawa da ta shigo ƙasar nan neman inda turaren yake, ƙishirwa da ciwo suka cinye su kafin abokan gaba. Wannan na riƙe shi kusan kalma da kalma, don ya yi kama da labaran da ake ba mu na masu ɓata a hamada. Yana jin daɗi, har yana gyara mini rubutu ba tare da ya iya karantawa ba. "Na ji alƙalaminka ya yi gudu a nan, Liman, koma ka duba." Malama ba ta yi mini magana sai ta aiki, amma takan ajiye shayi kofi biyu.

Muka kai shafi ashirin da shida. Rannan ya ce, "To, daga nan muka shiga abin da suke bauta wa, da yadda masu hankalinsu suka fara shakkar abin. Nan ne zuciyar littafin, babi biyar ne. Ta ina na fara?"

Na riƙe alƙalami ina kallon shafin.

"Na karanta maka shi wata da watanni. Akwai inda ka ba ni kalmar tsafi da ta camfi, muka yi gardama."

Na tuna gardamar, ban tuna abin da ke kewaye da ita ba. Gaskiyar ita ce duk sanda ya fara ambaton sunayen gumakan nan, wane ya auri wance, wane ya haifi wane, sai in shiga istigfari a zuci, ina ja ina ƙirgawa da yatsu a ƙarƙashin riga don kada sunayen su zauna mini a kai. In ya ɗago ido in gyaɗa kai. In ya yi tambaya in ba da kalma in koma. Shekara huɗu haka, yana zaton yana da mai saurare. Na ga ba zan iya ƙarya ta huɗu ba, na gaya masa.

Ya daɗe yana dubana. Ba fushi a fuskarsa, na so a ce akwai.

"Wato duk la'asar ɗin nan ni kaɗai ne a ɗakin."

"Ina jin na raƙuma, Baba."

"Na raƙuma." Ya lumshe ido. "Ubana ma da nan zai tsaya, ina jin. Rufe littafin, Liman. Kai ni tsakar gida in sha iska."

Na tura kekensa waje. Washegari na zo da littafin da alƙalami, ya ce ba yau ba. Jibi ma haka. Daga nan na daina kawowa. Ya rayu wata bakwai bayan wannan. Ina kai shi asibiti, ina kai shi Harami ranar Juma'a in yana da ƙarfi, yana tsokanata kamar dā, ya tambayi lafiyar iyalina, ya ba ni dabinon da ake kawo masa daga Badr in aika gida. Bai sake karanta mini komai ba, bai kuma sake tambayata wata kalma ba. Sau biyu na roƙe shi gafara, sau biyu ya ce ya yafe tun a asibiti, in daina damunsa. Na yarda ya yafe. Amma na ga yadda yake zama da la'asar, hannu a cinya, yana kallon kafet.

Bayan an yi kwana bakwai da rasuwarsa Malama ta kira ni ta miƙo mini littafin. Ta ce babu mai iya karanta shi a danginsu, kuma rubutuna ne. Ta taimaka aka mayar da iƙamata wani gida.

Na karanta shafukan nan sau da yawa. Maganarsa ce, ina jin muryarsa a ciki, amma rubutun na ɗan aji shida ne, kuma ya tsaya a tsakiyar hanya, sauran littafin fari. Akwai wani malamin tarihi a sakandaren garinmu, ƙanen matata ya san shi. In na je hutu zan kai masa, ko zai karanta wa yara labarin ayarin da na rundunar. Na san zai juya shafi na ashirin da bakwai ya tambaye ni ina sauran. Na yi ta shirya amsa ina warwarewa, kuma duk wadda na shirya sai in ga ta rage mini laifi. Na yanke zan gaya masa yadda aka yi tun daga buhun, in bar shi ya dube ni yadda ya ga dama.